Injiniyan da ya ƙi sayar mana da amfilifaya

Tun da aka gama gyaran lasifikokin masallacin unguwarmu ake tare ni a hanya ana tambayata wa ya yi aikin, musamman 'yan kwamitin masallatan da ke kewaye da mu, waɗanda su ma ƙugin nasu ya ishe su. Ni ne sakataren kwamiti, ni ne kuma mai riƙe waya ina watsa tafsirin azumi kai tsaye a Facebook, saboda haka a gabana aka yi komai. Ba zan kama sunan mutumin ko na shagonsa ba, don akwai wuraren da zan soke shi, kuma ba na son in taɓa masa hanyar abinci. Ɗan shago gare shi a cikin kasuwar Sabon Gari a nan Kano, wajen masu kayan lantarki, kowa Injiniya yake ce masa. Ya iya aikinsa, ya fi duk wanda ya taɓa sa hannu a kayan masallacin nan. Sai dai yana da halin da sai ka shirya masa.

Ga yadda muke kafin ya zo. Da an kunna amfilifaya, tun kafin kowa ya buɗe baki, sai wani ƙugi mai kauri ya cika masallaci. Kunne ya saba da shi, sai an kashe inji wurin ya yi tsit sannan ka gane ashe duk sallar nan a cikinsa ka yi ta. A samansa kuma akwai wani siririn shuu da ba ya tsayawa. In Malam ya ɗaga murya a tafsiri sai ta farfashe, in alaramma ya matso da makirufo sai tsuwwa ta tashi, tsofaffin sahun gaba su toshe kunnuwa. A sallar asham, in karatu ya yi tsawo, amfilifayar kan ɗau zafi ta yanke, matan da ke can baya su rasa inda liman yake. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne Baba Ladan ya fara ƙorafin makirufo na ɗan jan sa a leɓe da asuba, in ya tsaya ba takalmi a kan siminti. Kwamiti ya zauna ya yanke hukuncin da kowane kwamiti ke yankewa: inji ya tsufa, a sayo sabo wanda ya fi shi ƙarfi. Alhaji ma'aji ya tura ni kasuwa in jiyo farashi.

Duk shagon da na shiga, kafin in rufe baki an jawo min kwali. Wannan wat kaza ne, wancan jiya-jiya aka sauke shi daga Alaba, ga mai bulutut, ga mai wajen sa filash. Shi kuwa Injiniya ko ɗagowa bai yi ba daga kan wata miksa da ya buɗe wa ciki, wato na'urar da ke haɗa muryoyin makirufo kafin su kai ga amfilifaya. Ya ce, "Malam, ƙarar wace iri ce? Ƙugi take yi ko shuu? In an zare makirufo tana nan? In an koma janareta tana canzawa?" Ya sa na koma na naɗo masa ƙarar a waya. Da ya saurara sai ya ce shi ba zai sayar mana da komai ba sai ya ga wurin, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma in dai haɗin ne ya lalace, sabuwar ma ranar da aka kai ta za ta ɗauki kukan tsohuwar. Da wannan maganar na koma na shawo kan kwamiti, ko da yake Alhaji ya ce mu dai yi a hankali, kada mu biya kuɗin gyara mu zo mu biya na saye.

Kayan aikinsa ba su da yawa: mita mai allura, ƙarfen liƙi da dalma, abin sawa a kunne, da wata jaka cike da kawunan kebul. Abu na farko, ya sa yaronsa ya zare komai. Aka bar amfilifaya ita kaɗai da lasifika guda, ya kunna, ya murɗa maɓalli har rabi. Shiru kake ji. Ya dubi Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce za a jefar?" Tamu irin ta Ahuja ce, 'yar Indiya, wadda masallatai da yawa a garin nan ke da ita, kuma ashe lafiyarta ƙalau. Daga nan ya riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, daga lasifika yana komawa baya har zuwa makirufo, duk abin da ya jona sai ya tsaya ya kasa kunne. Wannan tsarin nasa shi ne abin da na fi yabawa. Masu gyaran da muka saba kira kan zo su yi ta murɗe-murɗe a lokaci guda har ƙarar ta ɗan lafa, su karɓi na shan ruwa su tafi; ba su san me suka taɓa ba, mu ma ba mu sani ba. Shi kuwa duk ƙarar da ta shigo sai ya nuna maka ƙofar da ta biyo.

Ƙugin ya dawo ne daidai lokacin da ya jona kebul ɗin da ke tsakanin miksa da amfilifaya. Ita amfilifaya tana ɗakin ladan, a tsohon gini, tana shan wuta a soket ɗin can. Miksa kuma tana gaba kusa da mumbari, a soket ɗin da aka ja daga wani layi daban lokacin da aka faɗaɗa masallaci. Bayaninsa shi ne kowane soket na da tasa wayar at, wato ta ƙafar nan ta uku da ke kai wuta ƙasa, kuma ba lallai ba ne su biyun su zo daidai wa daida. Ya ce kamar randa biyu ne, ɗaya a tudu ɗaya a gangare, ka haɗa su da tiyo: kana so ba ka so ruwa zai gudana. Tiyon shi ne ragar da ke lulluɓe da cikin kebul ɗin sauti, abin da ke gudana a cikinta kuwa ɓurɓushin wutar gari ne mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi amfilifaya ke ɗauka ta ƙara masa ƙarfi tare da muryar liman. Shi ya sa ƙugin nan kusan murya ɗaya gare shi a kowane masallaci da kowane gidan biki. Maganinsa bai ci ko kwabo ba. Ya ɗauko miksa ya kai ta kusa da amfilifaya, ya jona su a soket guda, mafi yawan ƙugin ya tafi nan take.

Wani cikin matasan da suka taru suna kallo ya ce ai akwai hanya mai sauƙi, a cire wayar at daga fulogin amfilifaya, haka ya ga masu kiɗan biki na yi kuma ƙara ta ɗauke. Nan na ga ran Injiniya ya ɓaci. Ya ce gaskiya ne ƙarar za ta ɗauke, amma wayar nan ita ce ke tsakanin bakin ladan da wuta bolt 230 ranar da wani abu ya zube a cikin inji. Sai ya tambayi inda aka binne ƙarfen at na masallacin. Aka yi ta nema, sai a bayan wajen alwala aka same shi. Wayar ta rabu da ƙarfen, da alama tun lokacin da aka haƙa kwata, bakinta ya yi kore shar. Ke nan wayoyin at na cikin gini suna haɗe da juna amma ba wadda ta kai ƙasa. Abin da ke jan Baba Ladan ke nan. Ya sa aka sayo sabon sandan jan ƙarfe aka kafa a wuri mai danshi, ya ɗaure wayar da matsi mai noti maimakon murɗawar hannu. Wannan aikin mai wayarin ne, ba nasa ba, kuma bai ƙara mana ko sisi a kansa ba. Ya kuma bi fulogan nan masu ƙafa biyu da ake tura wa soket tsinke a ramin sama kafin a cusa su da ƙarfi, ya canza musu kai.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan kebul ɗin makirufo, kuma nan ne kuɗinmu ya fi tafiya. Namu irin wanda ake sayarwa a naɗe cikin leda ne, kai ɗaya mai ramuka uku da ke shiga gindin makirufo, ɗaya kan kuma jak mai zobe guda. Tsawonsa ya kusa mita 20, an kuma bi da shi cikin bututu ɗaya da wayar fankoki. Ya yanka guda ya nuna min cikinsa: waya ɗaya tak a tsakiya, ragar da ke kewaye kuwa 'yan silalla ne da za ka iya ƙirgawa da ido. Irin wannan, in ji shi, in ya wuce mita 5 zuwa 6 ya zama eriya, duk abin da ke yawo a iska sai ya kwaso. Wannan ne ya warware mana abin da ya faru wani dare ana tsakiyar tahajjud, da aka ji muryar gidan rediyo can ƙasa-ƙasa a lasifika, har wasu suka fara zancen mutanen ɓoye.

Wanda ya kawo mai kan XLR ne gaba da baya, ƙafa uku: ta 1 ita ce raga, ta 2 da ta 3 wayoyi biyu ne da aka murɗe da juna. Murya tana bin su biyun, amma a ɗaya a miƙe take, a ɗayar a juye. Duk hayaniyar da kebul ya kwaso a hanya kan shiga su biyun daidai. To da sun isa miksa sai ta juyo da ta juyen ta haɗa su, murya ta ƙaru, hayaniya ta kashe kanta da kanta. Da irin wannan za ka ja mita 50 ko fiye ba abin da zai same ka. Dabararsa gaba ɗaya ita ce a bar wa mai ƙafa uku doguwar tafiya, mai waya ɗaya kuma kada ya wuce tsawon hannu, shi ya sa wanda ke tsakanin miksa da amfilifaya yanzu bai kai mita ɗaya ba. Ya fitar da kebul ɗin sauti daga bututun fanka ya yi masa hanyarsa daban, inda kuma dole ya haɗu da wayar wuta sai ya sa suka gitta juna maimakon su jera.

Da hannunsa yake liƙa kawunan, kuma na tsaya na kalla. Yakan fere bakin wayar kaɗan, ya murɗe silallan, ya shafa musu dalma tukuna, ya shafa wa ramin ƙafar, sannan ya haɗa su ya ɗora ƙarfen na ɗan lokaci ya ɗauke. Liƙin kan fito yana sheƙi, ba dunƙule ba. Sai ya ja da ƙarfi, ya ɗauki mita ya gwada ƙafa da ƙafa, 1 da 1, 2 da 2, 3 da 3, ya sake gwada ko wata na taɓa wata. Guda biyu da yaronsa ya liƙa sai da ya sa shi ya warware, don ya juya 2 da 3 a kai ɗaya. Tsofaffin namu kuwa duk inda suka tsinke murɗawa aka yi aka naɗe da baƙin salatif, zafin bazara ya narkar da shi ya zama danƙo.

Maganar yankewar amfilifaya lissafi ne kawai, a bayan tsohuwar kalanda ya yi mana shi. Da om ake auna nauyin da lasifika ke ɗora wa inji, kuma iya ƙanƙantar om iya nauyin kayan. Lasifikokin kan hasumiya huɗu ne, kowace om 16; in ka jera su a baki ɗaya sun zama om 4. Na cikin masallaci ma huɗu ne, kowace om 8, sun zama om 2. An kuma haɗe duka takwas ɗin a bakin da aka rubuta wa om 4, domin duk shekarar da wani bawan Allah ya ba da sadakar lasifika sai a ɗaura ta a kan na da, a yi masa addu'a. Jimilla ba ta kai om ɗaya da rabi ba. Inji na jan kayan da ya ninka abin da aka yi shi dominsa sau uku, ba tsufa ke sa shi zafi ba. Ga shi kuma wayar da ta hau hasumiya siririya ce, ja da baƙi, irin ta kwan fitila, wani kaso na ƙarfin a hanya yake ƙarewa.

Ya mayar da na hasumiya kan bakin bolt 100, wanda dama don doguwar tafiya aka yi shi, ya sa wa kowace lasifika ƙaramar transifoma. A wannan tsarin ba ruwanka da lissafin om, wat kawai kake tarawa, ka tabbata jimillar ba ta kai ƙarfin amfilifaya ba, ka bar mata wajen kashi 20 cikin 100 na numfashi. Na ciki kuma ya ɗora su biyu-biyu a kan wata tsohuwar amfilifaya da aka jefa a sito da sunan ta ƙone, ashe fiyus ne kawai ya tsinke. Ya ja mana kunne kada wani ya zo gaba ya haɗa bakin om da bakin bolt 100 a inji ɗaya. Amfanin da ya zo a kan kari shi ne yanzu ana iya rage na waje ba tare da an taɓa na ciki ba, saboda haka da tahajjud ba ma hana maƙwabta masu jarirai da marasa lafiya barci. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ya kuma bi lasifikokin ciki da ƙaramin batir, yana taɓa wayoyinsu yana kallon ko fatar ta turo waje ko ta shige ciki. Guda ɗaya a juye take, tana ja lokacin da sauran ke turawa, shi ya sa a tsakiyar masallaci murya ke yin siriri.

Shi kuwa shuu da farfashewar murya, laifin rami ne da maɓalli. An cusa fitar miksa a ramin makirufo na amfilifaya. Ramin nan an yi shi ne don sigina mai rauni ƙwarai, ita kuwa miksa abin da take fitarwa ya ninka haka sau ɗaruruwa, don haka tun a ƙofa murya ke fashewa. Don a rage fashewar sai aka riƙa danne maɓallan miksa ƙasa, a ƙure na amfilifaya, shuu ya samu hanya. Ya mayar da kebul ɗin ramin da aka rubuta wa AUX, ya sa alaramma ya ja baƙi da iyakar muryarsa, ya riƙa ɗaga maɓallin da ke can saman layi har jar fitila ta fara ƙiftawa, sannan ya ɗan komo da shi baya. Haka ya bi kowane makirufo. Ya fesa wa maɓallan da ƙurar hunturu ta sa suke ƙaraf-ƙaraf magani, ya ɗiga farin fenti a inda kowanne zai tsaya. Ya koya wa yaran da ke taimakon ladan tsarin kunnawa: miksa tukuna, amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma amfilifaya ce farko. Dum ɗin nan da ke firgita mutane kafin kiran sallah ya daina.

Nan ne kuma aka samu saɓani. Baba Ladan na son eko. Shekara da shekaru yana kiran sallah da shi a ƙure, a ganinsa shi ke ba kiran kwarjini. Injiniya ya kashe shi gaba ɗaya, ya ce masallaci mai tayil a bango ya riga ya yi wa kansa amsa-kuwwa, ƙarin na inji cinye haruffa yake yi. A kan karatu da huɗuba yana da gaskiya, yanzu ana jin bambancin sin da sad daga sahun ƙarshe. Amma yadda ya faɗa bai yi ba. A gaban yara ya dubi dattijon da a haife ya haife shi ya ce, "Baba, nan ai ba gidan biki ba ne." Baba bai ce uffan ba, ya ɗauki butarsa ya fita. Sai da Liman ya shiga tsakani aka tsaya a kan makirufon kiran sallah a bar masa ɗan eko, na mihrabi babu. Tun farko haka ya kamata ya kawo shawarar, tunda miksar na da maɓallin eko daban ga kowane layi kuma ya fi kowa sanin haka.

Game da tsuwwa, ya lura da abin da duk shekarun nan ba wanda ya lura da shi. Makirufo irin namu ta gaba yake ji, bayansa kurma ne. Lokacin sallah liman na fuskantar alƙibla, bakin makirufo na kallon jama'a. Lokacin tafsiri Malam ya juyo yana fuskantar jama'a, bakin makirufo ya koma yana kallon bangon gabas, daidai inda aka rataye lasifika biyu a saman kansa. Shi ya sa sallah ke wucewa lafiya, amma da an zauna tafsiri sai ihu. Ya sauko da su daga bangon alƙibla ya mayar kan ginshiƙan gefe, gaba da kujerar Malam, suna kallon baya. Ya roƙi alaramma, wannan karon cikin ladabi, ya daina rufe kan makirufo da tafin hannu, domin hakan na toshe ramukan da ke sa shi ya zama kurma ta baya, ya kuma kusanto da shi bakinsa maimakon a ƙara murya daga inji. Makirufon da muke alfahari da shi mai tambarin Shure SM58 kuwa, ya jijjiga shi a hannu, ya kwance kansa ya leƙa, ya ce jabu ne. Na gasken tun 1966 ake yin sa, kuma sunan da ya yi ne ya sa masu jabu suka cika kasuwa da kwaikwayonsa. Bai matsa mana mu sayi wani ba, ya ce a bar shi don sanarwar ɗaurin aure da jana'iza.

Ɓangarena na watsa tafsiri shi ma ya amfana. Masu kallo sun daɗe suna rubuto cewa murya na tsagewa, ga wani zzz da ke shigowa da zarar an jona caja. Ciwo ɗaya ne da na amfilifaya: ramin waya makirufo yake jira, ana ɗura masa fitar miksa. Ya haɗa min kebul mai jak mai zobe uku, irin wanda waya ke karɓar murya da shi, ya liƙa 'yan resisto biyu a cikin kan don su rage ƙarfin. Caja kuma ya ce a manta da ita lokacin watsawa, a yi amfani da fawa bank, domin da ka jona ta ka sake ɗaure wayar da wutar gini, ga cajojin araha na fesa tasu hayaniyar. Tit-tirit-tit ɗin da kan shiga lasifika kafin wayar wani ta yi ƙara, wanda layin 2G ke jawowa don a tsittsinke yake aika saƙonsa sau 217 a daƙiƙa, ya ragu sosai da sabbin kebul, sauran kuma ya tafi da Malam ya daina ajiye wayarsa a gindin makirufo.

Yanzu ga inda ya ba ni haushi. Ba ya cika alkawarin lokaci. Ya ce bayan azahar, sai ga shi ana shirin magariba, kayan masallaci a warwatse, dole Baba Ladan ya hau dakali ya kira sallah da baki. Kuma ba sau ɗaya ba. Waya in ka kira sai ka yi sa'a. Farashi bai ba mu a rubuce ba, cewa ya yi "ba za mu ɓata ba, ai aikin Allah ne", kuma duk ɗan kwamiti ya san ƙarshen wannan ciniki ne cikin jin nauyi. Kuɗin hannunsa daidai ne, ban ga zalunci ba. Amma kebul da kawunan XLR daga shagonsa ya kawo, da na zaga kasuwa daga baya na tarar ya ɗora riba mai kauri a kan kowace mita, rasit kuwa sai da Alhaji ma'aji ya bi shi har shago. Aikin bango kuwa bai iya shi ba ko kaɗan. Bututun da yaronsa ya kafa ya karkace, sun bar ƙurar siminti a kan kafet, ramukan tsofaffin lasifikoki a bangon alƙibla suna nan har yau ba a toshe ba. Bai kuma yi niyyar rubuta wa kowane kebul sunansa ba sai da na nace, alhali masallaci wuri ne da hannu goma ke taɓa kaya.

Akwai kuma ƙarar da ta gagare shi. In an ɗauke wuta aka koma inbata, wani siririn zzz na dawowa, bai kai na da ba amma mai kunne zai ji. A wutar gari da janareta babu shi. Ya ce inbatarmu ba ta fitar da wuta mai santsi, mataki-mataki take bayarwa, kuma ba kebul ɗin da zai gyara wannan. Amfilifayar hasumiya na da bakin batir bolt 24, ana iya ciyar da ita kai tsaye, amma miksa da ɗaya amfilifayar ba su da shi. Na yarda da bayanin, don fankoki ma gurnani suke yi a kan inbatar. Abin da ban ji daɗi ba shi ne sai da aka gama aiki aka sallame shi sannan ya faɗa, bayan tun ranar farko ya gan ta. Makirufo mara waya na wajen mata shi ma bai daina yankewa gaba ɗaya ba. Ya fito da akwatinsa daga bayan ƙofar ƙarfe ya sa a sarari, abin ya yi sauƙi, sauran ya ce min ƙiri-ƙiri ba fanninsa ba ne.

Duk abin da muka kashe, da kebul da transifomomi da sandan at da kuɗin hannunsa, bai kai rabin kuɗin amfilifayar da aka tura ni in tayo ba. An yi tafsiri da asham da tahajjud har aka ga watan sallah, inji bai yanke ba, Baba Ladan bai sake ƙorafin leɓe ba. Masallaci ko islamiyya ko ɗakin taro da ke fama da irin ciwonmu, zan tura su wajensa ba tare da shakka ba. Mai biki gobe kuwa kada ya dogara da shi. In za ku kira shi, ku kira tun kafin Sha'aban, don daga nan kowa nemansa yake. Ku sa ya faɗi irin kebul ɗin da tsawonsa ku sayo da kanku, ku rubuta farashi a takarda ya sa hannu, ku tanadi birkila daban, kuma ranar aikin a samu dattijo ɗaya da zai iya taka masa birki in bakinsa ya fara. Maganar inbata tana cikin ajandar zamanmu na gaba. Alhaji ma'aji ya riga ya ce sai bayan an gama rufin wajen alwala.